Awo kafin hukunci

A wannan mako zan ba ku labarin wani laifi da na aikata da hannuna shekaru da dama da suka wuce, da kuma labarin wata ƴar na'ura wadda ba ta fi tafin hannu biyu girma ba, wadda ta tona wannan laifi a gaban mutane. Na daɗe ina son rubuta shi kunya tana hana ni. Abin da ya sa na daure yau shi ne, na san da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi ƴan kasuwa ne masu kamiyo da injunan niƙa da injunan ba da wuta, wasu kuma ma'aikata ne waɗanda ake kawo wa takardar sayen kayan gyara domin su sa hannu. A irin wannan kujera nake zaune ranar da na yi kuskuren.

Abin ya faru ne a wata bazara, ba da daɗewa ba bayan karya darajar sefa da aka yi a watan Janairu na shekarar 1994, lokacin da aka wayi gari duk abin da ake shigo da shi daga ƙasashen waje ya ninka kuɗinsa. Ina aiki a hannun wani ɗan kwangila, ni ke riƙe da mabuɗin mangaza da littafin lissafi. Maigidan nawa ya sami aikin yashe wani tabki da ƙara masa zurfi a ƙasar Tebaram, yamma da birnin Tawa. Wanda bai san arewacin Adar ba zai ɗauka ƙaramin aiki ne. Wanda ya san yankin kuwa ya san cewa rijiyoyinsa masu zurfi ne, kuma idan tabki ya ƙafe da wuri, shanu da awaki da raƙuma duk kan rijiya suke komawa, mata su kwana suna jiran a ba su guga, wani lokaci har a kai ga sa-in-sa tsakanin makiyaya da mutanen gari. Ƙarin wata guda ko biyu da tabki zai yi da ruwa ba ƙaramin sauƙi ba ne ga jama'a da dabbobinsu.

Shi aikin tabki yana da wa'adinsa wanda ba mutum ne ya sa ba. Sai ƙasan tabkin ya bushe ƙarau injin zai iya shiga, kuma da zarar ruwan farko ya sauka laka ta tashi, aiki ya tsaya sai baɗi. Saboda haka kwanaki muke ƙirgawa, kullum da yamma idonmu yana gabas. Abin aikinmu kuwa katafila ce guda ɗaya tak, tsohuwa, wadda maigida ya sayo ta hannu. Tana da direbanta, da shugaban shantiye wanda ya ɗan taɓa kanikanci, da wani yaro ɗan wani ƙauye na kusa, mai kimanin shekara goma sha takwas, wanda aka ɗauka domin ya riƙa zuba gazuwal yana sa giris, da dare kuma ya kwana kusa da injin yana gadi.

Wata safiya direba ya murɗa mabuɗi, sai muka ji ƙas, injin ya ɗan yi gurnani kamar zai juya, ya yi shiru. Aka sake, haka. Shugaban shantiye ya ɗauko ƴar fitilarsa ta gwaji, wato ƙwan lantarki mai waya biyu, ya dangwala nan ya dangwala can, ko'ina fitila tana kamawa. Ya ce wayoyi lafiyarsu lau, batura ne suka mutu. Sai aka shiga tambaya: yaya batir biyu da ba su shekara ba za su mutu dare ɗaya? A nan ne na buɗe bakina. Na ce ai kuwa wani dare na ga yaron nan ya jona rediyonsa mai kaset a jikin batir yana saurare. Gaskiya na faɗa, na gan shi. Amma ban tsaya nan ba, na ƙara da cewa wa ya sani ko yana cire su da dare yana kai wa masu nuna bidiyo a ƙauye, ko ma ya musanya su da tsofaffi. Wannan ƙarin ban gani ba, ban kuma ji daga bakin kowa ba, zato ne kawai. To amma da yake daga mai riƙe da littafi ya fito, kafin azahar ya zama tabbatacciyar magana a shantiye.

Yaron ya rantse, ya yi kuka, ba wanda ya saurare shi. Aka aika Tawa aka sayo sababbin batura biyu, ni kuma na rubuta a littafi cewa a riƙe ladansa na watannin da ya yi a madadinsu, aka sallame shi. Da aka ɗaura sababbin sai injin ya tashi. Kowa ya ce to ga shaida. A daren nan na yi barci da zuciya ɗaya, ina ganin na tsare dukiyar maigidana.

Kwana biyu katafila ta yi tana aiki. A rana ta uku, ƙas, irin ta farko. Yaron kuwa ba ya nan balle a ce shi ne. Shugaban shantiye ya ce lalle raunin tsofaffin batura ne ya ƙone dimarer, wato ƙaramin injin lantarkin da ke juya babban injin har ya tashi. Aka nemi irinsa a Tawa ba a samu ba, aka ce sai an aika Yamai ko Kano, kuma kuɗin da aka faɗa mana ya fi albashina na wata shida. Na rubuta takardar oda, na hau motar kasuwa zuwa Tawa domin in kai wa maigida ya ba da kuɗi.

Maigida ya karanta takardar, ya yi shiru, sa'an nan ya ce kafin ya nemo waɗannan kuɗi in je in kira masa wani tsoho mai gyaran lantarkin manyan injuna. Bai yi shakkar maganarmu ba, kuɗin ne babu a hannunsa. Wannan tsoho ya yi aiki a kan injunan da suka shimfiɗa hanyar Tawa zuwa Arlit, mai tsawon fiye da kilomita 600, wadda aka gama a farkon shekarun 1980. Daga baya kuma ya yi wasu shekaru a garejin aikin raya karkara na Keita, wanda aka fara a 1984 da tallafin ƙasar Italiya da hukumar FAO, inda manyan injuna suka yi ta farfaɗo da faƙon tuddan Adar. Na same shi a ƙofar gidansa yana shan shayi. Na zayyana masa komai, har da zancen yaron. Bai ce mini uffan a kan yaron ba. Tambaya ɗaya ya yi:

— Ɗana, da kunka ce dimarer ya ƙone, nawa kunka auna a bakinshi?

Na ce, Baba, ai an gwada da fitila, ta kama.

— Ba hitila na tambaye ka ba. Lamba nika son ji.

Ba ni da lamba. Washegari muka kama hanyar Tebaram tare, yana rungume da wata tsohuwar jakar fata wadda ya ƙi yarda a ɗaure ta a bisa mota.

Abin da ke cikin jakar shi ne ma'aunin lantarki, wanda masu sana'ar ke kira miltimetir. Nasa irin na da ne mai allura, ƙirar Metrix ta ƙasar Faransa, gilashinsa ya tsage a gefe, yana da wayoyi biyu, ja da baƙa, kowace da tsinken ƙarfe a bakinta. Asalin irin wannan na'ura daga Ingila ne, inda wani injiniyan gidan waya mai suna Donald Macadie ya gaji da ɗaukar ma'aunai daban-daban, ya haɗa su a akwati ɗaya a farkon shekarun 1920. Abubuwa uku take aunawa, kuma a cikin mota tsohon ya fassara mini su da misalin shaton ruwa. Bolt shi ne ƙarfin turin ruwa, gwargwadon tsawon shato. Amper shi ne yawan ruwan da ke gudana a cikin tiyo. Om kuwa shi ne ƙuncin tiyon, ko dattin da ya toshe shi. Wani Bajamushe, Georg Ohm, shi ya bayyana dangantakar ukun a 1827: idan ka ninka yawan amper da ke wucewa da yawan om da ke tare hanya, za ka sami yawan bolt da ke ɓacewa a wurin. Na ji wannan kamar karatun lakwal, ban san cewa kafin la'asar zan gan shi da idona ba.

Da muka isa bai nufi dimarer ba. Ya sa direba ya tabbatar an sauke garmar katafila har ƙasa, an ja birki, kuma ba a cikin giya take ba. Ya cire agogonsa da zobensa ya sa a aljihu, ya ce ƙarfen da ke hannu idan ya haɗa bakin batir da jikin injin zai iya narkewa a kan fata. Ya kori wani mai shan taba daga wurin, domin batir yana fitar da iska mai kamawa da wuta. Sa'an nan ya ce in ɗauki alƙalami in rubuta duk lambar da ya faɗa, tun da rubutu ne aikina.

Manyan injuna irin wannan da bolt 24 suke aiki, wato batir biyu masu bolt 12 da aka jera ɗaya bayan ɗaya. Lafiyayyen batir mai bolt 12, idan ya cika ya huta, yakan nuna kimanin 12,6. Idan ya sauka zuwa 12,2 rabin cikarsa ya tafi. Ƙasa da 12 kuwa ya kusa ƙarewa. Ya auna sababbin baturanmu, biyun tare suka ba da 25. Ya kai tsinkayen wajen dimarer, ja a kan babbar ƙusar da wayar batir ke shiga, baƙa a jikin ƙarfensa, nan ma 25. Shugaban shantiye ya yi murmushi ya ce, ka gani Baba, wuta tana isowa, dimarer ne. Tsohon ya ce:

— Yi haƙuri, malam. Raƙumi shina durƙushe ba a sanin ƙarhinshi. Bari mu aza mishi kaya shi tashi.

Ya ce direba ya murɗa mabuɗi ya riƙe na ɗan lokaci. A bakin batir allura ta sauka daga 25 zuwa 22, abin da ya ce ba laifi ba ne ga batir da ke ɗauke da kaya. A bakin dimarer kuwa, da aka sake murɗawa, sai ta faɗo har 12. Wato tsakanin batir da dimarer, tafiyar da ba ta fi taku uku ba, bolt 10 suna ɓata. Ya ce saura mu san a wane zango ɓarawon yake. Da na ji kalmar ɓarawo sai na sunkuyar da kai a kan littafina.

Hanyar wuta biyu ce, ta zuwa da ta komowa. Ta zuwa ita ce babbar wayar da ta tashi daga bakin batir mai alamar ƙari zuwa dimarer. Ta komowa kuwa ta jikin ƙarfen injin take bi, sa'an nan ta hau wata gajeriyar waya mai kauri da ake kira mas, ta koma bakin batir mai alamar ragi. Ya ɗora tsinke ɗaya a farkon wayar zuwa, ɗaya a ƙarshenta, aka murɗa mabuɗi: da ƙyar allura ta motsa, ba ta wuce rabin bolt ba. Ya ce wannan hanya a share take. Ya koma ta komowa, tsinke ɗaya a jikin dimarer, ɗaya a bakin batir na ragi, aka murɗa: allura ta tashi ta wuce 9. Daga nan ya riƙa matso da tsinkayen kusa da juna, gaɓa bayan gaɓa, har ya rage tsakanin ƙarfen injin da kan wayar mas, wurin da ƙusa guda ta ɗaure su, tazarar da ba ta fi faɗin yatsa biyu ba. Bolt 9 ɗin nan duk a nan suke. Ya kama hannuna ya kai kusa da ƙusar. Zafi ne da ita kamar daga murhu aka ciro ta.

Daga sama wayar tana nan sumul. Da aka kwance ta, ƙarƙashin kan tagullar tsatsa ce da wani gari kore-kore, a cikin rigar robar kuma fiye da rabin zaren tagullar sun tsinke saboda girgizar shekaru. Ruwan batir yana ɗiga a wurin, ƙura ta taru ta riƙe shi, zafi ya gama sauran. Ya yanke ruɓaɓɓen, ya sa sabon kai ya matse, ya goge ƙarfen injin da buroshin ƙarfe har ya yi ƙyalli, ya ɗaure, ya shafa giris a bisa. Duka aikin bai kai sa'a guda ba. Direba ya murɗa mabuɗi, katafila ta tashi da bugu ɗaya, hayaƙi ya turnuƙe, yaran ƙauye suka sa ihu. Bai tattara kayansa ba sai da ya sake auna batura injin yana tafiya, ya sami 28, ya ce altarnater, wato abin da ke mayar wa batir wutarsa, shi ma lafiyarsa lau.

Na tambaye shi yadda aka yi fitila ta kama alhali waya ta ruɓe. Ya ce fitila ba ta yi ƙarya ba, abin da aka tambaye ta shi ta amsa. Ƙaramin ƙwai ko amper guda ba ya ci, zare ɗaya na tagulla ya ishe shi. Dimarer kuwa ɗaruruwan amper yake ja. Ka ɗauka amper 300 ne, toshewar kuma om 0,03 ce kacal: ninka su, bolt 9 ke nan. Wannan ƴar toshewa, ko shi ma'aunin da kansa, idan aka sa shi a kan awon om injin yana kashe, ba zai gan ta ba, domin ƙuncin wayoyinsa ma ya fi haka. Ba ta bayyana sai wuta mai yawa tana wucewa. Sababbin batura kuwa sun tayar da injin kwana biyu ne saboda cikarsu, da kuma jan wayar da aka yi wajen ɗaura su, wanda ya ɗan motsa tsatsar.

Ni dai tun da ya fara wannan bayani gabana ke faɗuwa. Na ce, Baba, tsofaffin batura suna mangaza. Ya ce a kawo su. Akwai lambar da maigida ya sa aka buga a jikinsu ranar saye. Ni da kaina na buɗe littafi, lamba ta yi daidai: ba a musanya su ba. Wannan lamba tana cikin littafina tun ranar farko, kuma duba ta ba zai ci mini minti biyu ba. Ya auna su, kowane ya ɗan haura 12. Ya ce yunwa ce kawai gare su, domin ruɓaɓɓiyar wayar da ta hana wuta fita ita ce ta hana ta komawa, a yi musu caji za su yi aiki. Rediyon yaro kuwa, ya ce abin da zai sha a batir mai wannan girma bai kai a yi zancensa ba. Ya mayar da ma'auninsa cikin jaka, ya dube mu ni da shugaban shantiye, ya ce kun bar jaki kuna dukan taiki. Daga baya an yi wa baturan caji a Tawa, sun kuma yi aiki a wata kamiyon maigida.

Kwana tara muka yi asara tsakanin mutuwar farko da ta biyu da kai-komon Tawa. Ruwan farko ya sauka saura kimanin kashi ɗaya cikin uku na aikin, muka fitar da katafila da ƙyar. A shekarar tabkin ya ƙafe tun kafin lokacin da aka yi wa mutane alkawari, dabbobi suka koma kan rijiya kamar kullum.

Bayan na shawo kan maigida, na ɗauki ladan yaron na tafi ƙauyensu. Na tarar da mahaifinsa a gindin wata aduwa yana tufka igiya. Yaron ya tafi bida Abijan kwana huɗu da suka wuce, domin ba ya iya shiga kasuwa ana nuna shi da baki. Na ba dattijon haƙuri, na faɗa masa gaskiya cewa daga bakina maganar ta fito. Ya karɓi kuɗin ya ƙirga, ya sa a aljihu, ya ce:

— Malam, kuɗi sun komo, mun gode. To sunan hwa, wa za shi maido mishi?

Na roƙi a tsayar mini da mutane bayan sallar la'asar, na faɗa a gaban liman da maigari cewa yaron ba shi da laifi, ni ne na yi masa ƙazafi. Sun saurare ni, aka shafa fatiha. Amma wanda ya kamata ya ji ba ya nan, kuma gonar gidansu a daminar nan tsoho shi kaɗai ya nome ta. Ban sake ganin yaron ba.

Yau injuna sun canza. Katafilolin wannan zamani da manyan motoci suna da kwamfuta a cikinsu, da ƙananan na'urori masu yawa da ke gaya mata zafin injin da ƙarfin mai da saurin juyawa, kuma da yawansu da bolt 5 kacal suke aiki. Wayoyin suna haɗuwa ne a cikin ƴan mahaɗai na roba masu ƙananan tsinkaye, irin su ƙirar Deutsch da ake gani a manyan injuna da dama, waɗanda aka yi wa zoben roba domin hana ruwa da ƙura shiga. A irin wannan tsari, tsatsar da ido ba ya gani a kan tsinke ɗaya ta isa ta sa kwamfuta ta rage ƙarfin injin ko ta kashe shi, ta kuma fitar da lambar laifi a allo. Ita lambar hanyar da matsala take kawai take nunawa, ba ta ce na'urar da ke ƙarshen hanyar ce ta mutu ba, amma sau da yawa sai a ruga a sayi sabuwa. Ƙasarmu kuwa duk abin da ke ɓata mahaɗa ya taru a cikinta: ƙurar hunturu, da zafin bazara mai busar da roba ta tsage, da girgizar hanyoyin da ba su da kwalta, ga kuma masu wankin injin da ke harba ruwa mai ƙarfi kai tsaye a kan wayoyi.

Masu gyaran da suka san aikinsu suna da ƙa'idodin da mai injin zai iya gane su da su ko da bai san lantarki ba. Ba sa huda rigar waya da allura domin awo, saboda wannan rami ƙofar ruwa ce. Ba sa cusa tsinken ma'auni mai kauri a cikin ramin mahaɗa, domin zai buɗa shi ya daina kamawa, a je gyaran laifi ɗaya a haifar da na biyu. Siririn tsinke suke sawa ta bayan mahaɗar tana haɗe. Sukan girgiza damin wayoyi da hannu suna kallon lamba, domin laifin da ke zuwa yana tafiya ta haka yake nuna kansa. Ba sa auna om sai an kashe wuta. Ba sa ɗora ma'auni a bakin batir yana kan awon amper, domin ɗan fis ɗin da ke cikinsa, wanda galibi amper 10 ne iyakarsa, zai ƙone nan take. A kan wayoyi biyun da kwamfutocin injin ke magana da juna ta cikinsu, waɗanda ake kira CAN, sukan kashe wuta su auna suna neman om 60. Idan suka ga 120 sun san ɗaya daga cikin ƙarshen biyu ya rabu da layin. Idan kuma za su cire batir, da wayar ragi suke farawa.

Ban rubuta wannan domin alhaji mai kamiyo goma ya koma makaniki ba, ko shugaban ma'aikata ya tuɓe rigarsa ya shiga ƙarƙashin injin. Roƙona ƙarami ne. Ma'auni mai nuna lamba a allo yanzu ana samunsa a kasuwa, kuma kuɗin mai sauƙin bai kama ƙafar na batir ɗaya ba. Duk wanda ya kawo maka takardar sayen dimarer ko altarnater ko batir ko kwamfutar injin, tambaye shi: nawa batir ya nuna a huce? Nawa ya nuna ana murɗa mabuɗi? Nawa ne ya ɓata a wayar zuwa, nawa a wayar komowa? Ka ce a rubuta lambobin a bayan takardar, mai awon ya sa hannu. Mai gyaran kirki ba zai ji haushi ba. Wanda ya ce shi da kunne yake ganewa, a ba shi girmansa, amma a jinkirta fitar da kuɗi har sai an auna.

Akwai kuma laifinmu mu masu biya. Da tsohon nan ya koma Tawa, sai da aka yi ta ciniki da shi a kan ladansa, wai ai bai canza komai ba, kan waya kawai ya sa. Mutumin da ya tsirar da kuɗin da suka fi albashin wata shida, aka sallame shi da abin da bai taka kara ya karya ba. Da dimarer ya sauya, da an biya shi da yawa ba gardama. Muddin ƙarfe muke biya ba ma biyan awo, to mu da kanmu muke koya wa masu gyara cewa sauya kaya ya fi bincike riba. Makarantun fasaha irin su Lise Teknik Ɗan Kasawa ta Maraɗi da cibiyoyin koyon sana'a suna koyar da wannan awo, amma yaran da ke gyara mana injuna da yawansu a gareji suka koya, a hannun iyayen gidansu, kuma abin da suka ga ana biya shi za su riƙe.

Duk wanda ya zaga harabobin ma'aikatu da garejin ƴan kwangila ya ga injuna a fake, ƙafafunsu sun nutse a rairayi, awaki suna kwana a ƙarƙashinsu. Wasu tsufa ne ya kayar da su, babu shakka. Amma duk lokacin da na ga ɗaya sai in tambayi kaina ko an taɓa ɗora masa ma'auni kafin a fara zare masa kaya ana sa wa wani.

Da maigidana ya bar kwangila ya bar mini littafin nan na lissafi, yana hannuna har yanzu. A shafi ɗaya akwai lambobin da tsohon ya sa na rubuta: 25, 22, 12, 9. A shafin da ya gabace shi akwai layin da na rubuta na riƙe ladan yaron, babu wata shaida a gefensa sai sa hannuna. Idan Allah ya sa wannan jarida ta faɗa hannun wani ɗan ƙasar Tebaram, a Abijan ko a wani wuri, wanda ya san mutumin da nake nufi, domin yanzu ai magidanci ne, ina roƙonsa ya karanta masa wannan shafi, ya ce masa mai riƙe da mangaza yana neman gafararsa. Allah ya kiyashe mu da yanke hukunci a bisa zato, ya ba mu damina mai albarka.